Tallafin Linux da PostgreSQL: me kuɗin ke saya, kuma yaya ake fita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Muna da sabar kusan 20 a kan Linux da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL. Wani kamfani ya kawo mana farashin tallafi na shekara-shekara, shugabanmu kuma yana cewa manhajar ai kyauta ce. Shin ya kamata mu biya, kuma ba za mu ɗaure kanmu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, manhajar ce kyauta, kula da ita kuwa aiki ne. Kuɗin yana sayen facin tsaro a kan lokaci, da injiniyan da zai ɗaga waya idan sabar ta tsaya da tsakar dare, da ƙarin shekaru kafin a tilasta muku sauya siga. Ubuntu LTS, nau'in Linux mai tallafin dogon zango, na samun faci kyauta shekara 5, rajistar Ubuntu Pro ta kai shi 10. Kowace babbar sigar PostgreSQL shekara 5 take yi.

Kafin ku kalli jimillar kuɗin, ku tambayi yadda ake ƙirga. Wasu da injin suke lissafi, wasu da soket ɗin furosesa, wasu da yawan ƙwayoyinsa, don haka ƙara wa sabar ƙarfi kaɗai na iya ninka kuɗin baɗi. Yarjejeniyar Red Hat ta ce muddin kuna da rajista, duk injin da ke ɗauke da RHEL, wato Linux ɗin Red Hat, sai an biya masa. Ku kuma karanta alkawarin lokaci da kyau. Yawanci "awa ɗaya" lokacin da za su amsa muku ne, ba lokacin gama gyara ba.

Batun ɗauri ya fi kuɗin muhimmanci. A Disamba 2020 aka sanar cewa CentOS 8, kwafin RHEL na kyauta da ke ƙarƙashin Red Hat, wanda ake sa ran zai kai 2029, zai ƙare a ƙarshen 2021. Waɗanda ba su biya ko sisi ba su ma sun dogara da shawarar kamfani ɗaya, sai ga su suna kwashe kaya zuwa AlmaLinux da Rocky Linux. HashiCorp ta sauya lasisin Terraform a 2023, Redis ta bi sahu a 2024, daga nan OpenTofu da Valkey suka fito a matsayin madadin waɗannan manhajoji biyu masu buɗaɗɗen lasisi. Tambayar ita ce: wa ke da ikon sauya lasisin, kuma kamfani nawa ne ke iya tallafa wa manhajar?

A nan PostgreSQL ya yi muku daɗi, domin ba mallakin kamfani ɗaya ba ne, masu tallafa masa suna da yawa. Tarkon yana cikin ƙarin kayan da mai tallafi zai ɗora muku, irin na kwaikwayon rumbun bayanai na Oracle ko nasa tsarin ajiyar kwafi. Da zarar manhajarku ta saba da su, fita ta zama sake rubutu.

Don haka ku gwada fitar tun kafin sa hannu: ku ciro bayanan da pg_dump, kayan aikin PostgreSQL na kwafe bayanai, ku zuba su a PostgreSQL na asali a wata sabar, ku ga abin da ya ƙi tashi. Saitunan Ansible, manhajar da ke tsara sabar, su zauna a ma'ajiyar lambobi ta Git taku, manyan kalmomin sirri a hannunku. Ku fara da kwangilar shekara ɗaya, a rubuta iyakar ƙarin farashi lokacin sabuntawa.

A ganina, ku biya wa sabar da tsayawarta ke tsayar da ciniki, musamman ta rumbun bayanai. Sauran su zauna a Debian ko AlmaLinux, amma fa sai idan kuna da aƙalla ma'aikata biyu da suka iya aikin, don dogaro da mutum ɗaya shi ma ɗauri ne.