Me yaro ke koya a zangon farko na aji ɗaya a Ingila?

'Yar'uwa, kin ce kun koma Ingila, ɗanki mai shekara 5 zai shiga aji ɗaya, kina son sanin me za a koya masa daga Satumba zuwa Disamba.

Karatu ne kan gaba, amma ba haddar A, B, C irin tamu ba. Sautin haruffa ake koya musu, su harhaɗa su fitar da kalma. Nan na yi kuskure da 'yata: na dage mata da sunayen haruffa a gida, yarinya ta rikice. A watan Yuni ma akwai gwajin karanta kalmomi 40.

Lissafi ƙirga ne, da tarawa da ɗebewa na ƙananan lambobi. A kimiyya suna duba sauyin yanayi, don haka in ya dawo da busassun ganye cike da aljihu, darasi ne, kada ki zubar! Sai zane, waƙa da motsa jiki.

Ɗan littafin da ake sako masa a jaka, ku riƙa karantawa tare ko minti goma ne. Kuma kada ki daina yi masa Hausa. In kin ga sautukan ba sa shiga, ki gaya wa malamarsa da wuri, a kuma kai shi a duba jinsa da ganinsa.