Tambayi Uwargida: Biskit Ɗin Amurka Ya Ƙi Tashi

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Na so yin biskit irin na Amurka, mai laushin nan da ake ci da shayi. An ce a sa fulawa mai tashi da kanta, ban samu ba, sai na yi da ta awo. Ya fito a baje, ga tauri, bota kuma ta tsiyaye a tire. Ina matsalar take?
Wata mai karatu daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Fulawar da kika nema ba wani abin a zo a gani ba ce, bakin hoda da gishiri kawai aka haɗa mata. Tun 1845 wani mai gidan burodi a Ingila, Henry Jones, ya fito da ita. A kowane kofin fulawa (giram 125) ki sa ƙaramin cokali ɗaya da rabi na bakin hoda da kwatan cokali na gishiri, ki tankaɗe sau biyu. Gwada hodar tukuna a ruwan zafi. In ba ta yi kumfa ba, ta mutu.

Taurin kuwa daga alkamar ne. A kudancin Amurka fulawa mai ƙarancin danƙo suke amfani da ita, tamu yawanci ta burodi ce. Ki rage babban cokali biyu daga kowane kofi, ki cike da kon fulawa.

Amma babban abokin gabarki zafin Sakkwato ne. Ana so bota ta shiga obin da sanyinta, gutsi-gutsi a cikin kwaɓin. Can za ta narke, tururinta ya ɗaga shi hawa-hawa. In ta narke tun a roba, kamar yadda take yi a watan Afrilu, aikin ya ɓaci. Don haka ki daskarar da bota giram 85 a firiza, ki goga ta da abin goga kuɓewa cikin kofi biyu na fulawar. Zuba kashi uku cikin huɗu na kofin nono mai tsami da sanyi, da kwatan ƙaramin cokali na bakin soda. Man shanu soyayye ba zai yi a madadin bota ba. Juya da cokali har ya haɗu, kada ki murza. Ki baje shi da tafin hannu, ki ninka sau uku, kaurinsa ya kai santimita biyu da rabi. Yanka da gwangwanin madara, ki danna kai tsaye ba tare da murɗawa ba, don murɗawa na liƙe gefen ya hana tashi. Jera su suna taɓa juna, ki gasa a obin da ya riga ya kai digiri 220, minti 12 zuwa 15. A ganina da sassafe ya fi, kuma da hunturu fulawa kan buƙaci ƙarin cokali ɗaya ko biyu na nono.

Tambaya: Anti, zan iya yin fanke da cincin da wannan fulawa?
Daga Runjin Sambo

Amsa: Cincin zai yi, sai dai kada ki ƙara bakin hoda ko gishiri. Fanke kuwa aikin yis ne, bar shi da fulawarsa ta awo.