Wata huɗu a kan teku: mu karɓi kyautar 'ya'yanmu ko mu dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi ritaya bara, shekaruna 64, mai ɗakina kuma 57. 'Ya'yanmu sun haɗa kuɗi suna so su biya mana tafiyar nan ta jirgin ruwan shaƙatawa mai zagaya duniya, wadda ake yin kusan wata huɗu a cikinta. Ban taɓa kwana a kan ruwa ba, kuma ina da hawan jini da ciwon suga, sai dai ina kan magani. Fasfon Najeriya ne a hannunmu. Mene ne amfanin irin wannan tafiya, mene ne illarta? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yi wa yaran albarka, ya jiƙansu da nasu. Shawarata ita ce ku karɓi kyautar, amma kada ku fara da ta wata huɗu. Ku fara da mako guda, sannan mako biyu ko uku. Ga dalilaina.

Tafiyar zagaya duniya yawanci kwana 100 zuwa 120 ce, kuma galibi a watan Janairu take tashi, daga tashoshi irin su Sawzamton a Ingila, Jenowa a Italiya, Basalona a Sifen, ko Fulorida a Amurka. Akwai masu tsawo fiye da haka: kamfanin Royal Caribbean ya yi wata ta kwana 274 da ta tashi daga Mayami a Disambar 2023. A cikin kwana 110, jirgi kan tsaya a tashoshi 35 zuwa 50. Sauran kwanakin, wato rabin tafiyar ko fiye, ruwa ne gabas da yamma, jirgi na tafiyar kilomita 35 zuwa 40 a awa. Hotunan talla birane suke nunawa, amma abin da mutum ya fi saya da kuɗinsa shi ne waɗannan kwanakin na tsakiyar teku. Wanda ya ji daɗinsu ya ji daɗin tafiya. Wanda suka gundure shi ba shi da ƙofar fita.

Amfaninta ga masu shekarunku ba ƙarami ba ne, kuma ba zan rage shi ba. Sau ɗaya za ku kwance akwati. Ɗakinku ne ke bin ku daga ƙasa zuwa ƙasa, babu layin filin jirgin sama kowane kwana uku, babu neman otal da dare, babu ɗaukar kaya. Abinci sau uku da masauki da sufuri duk suna cikin kuɗin tikiti. Agogo ma a hankali yake canzawa, awa guda a dare, ba irin jirkicewar barcin da jirgin sama ke jawowa ba. Wanda ya nufi yamma har ƙarin awa yake samu. Sannan akwai abubuwan da sai daga kan ruwa ake ganinsu. A mashigin Fanama, jirgi mai hawa goma sha wani abu zai shiga wani ɗaki na kankare, a rufe ƙofofin ƙarfe a bayansa, a sako ruwa, ka ji ana ɗaga shi a hankali har ya kai tafkin da ke sama, kuma bangon na kusa da kai kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Awa takwas zuwa goma ake yi kafin a fita ɗaya tekun. Da asuba kuma, idan ka fito bayan salla, babu gini babu bishiya, sai ruwa da sama, rana na ɓullowa daga cikin ruwan. Mai imani ba ya kallon wannan bai yi tasbihi ba.

To amma kafin a kai can, akwai fasfo. A nan ne mafi yawan 'yan ƙasarmu ke cin karo, kuma shi ne abin da ɗan Turai ko Ba'amurke ba ya ma tunawa da shi in yana ba da shawara. Tafiyar da za ta ratsa ƙasashe talatin tana iya neman bizar Shengen, wato ta gamayyar ƙasashen Turai, mai shiga da fita sau da yawa, da ta Birtaniya, da ta Amurka, da ta Ostareliya, da ta Niyu Zilan, da wasu na Asiya da Kudancin Amurka. Kada wani ya ce muku "ai sai ku zauna a jirgi kada ku sauka". Ƙasashe da dama, ciki har da Amurka, suna neman biza da zarar jirgin ya shiga tasharsu, ko ka sauka ko ba ka sauka ba. Idan biza ɗaya ta yi giɓi, a ranar tashi za a hana ku shiga, kuma sharuɗɗan tikiti sun ɗora alhakin takardu a wuyan fasinja, ba a maido kuɗi.

Wahalar ba yawansu kaɗai ba ce, har da lokaci. Shengen tana karɓar takardar nema daga wata shida kafin tafiya, Birtaniya kuwa daga wata uku. Ofishin jakadanci yakan riƙe fasfo makonni, alhali fasfon ɗaya ne. Su kuma kamfanonin suna neman a kammala biyan kuɗi kwana 120 zuwa 180 kafin tashi, wato sau da yawa kafin bizar ƙarshe ta fito. Don haka ku nemi kamfanin ya ba ku jerin bizar da ɗan Najeriya ke buƙata a rubuce, tasha bayan tasha, kafin ku ba da ko kwabo. Fasfo ya zama mai shafi 64, ya rage masa aƙalla wata shida bayan ranar dawowa, kuma katin rigakafin shawara ya kasance a cikinsa.

Sai lafiyarka, Alhaji. Kowane babban jirgi yana da ƙaramin asibiti da likita da ma'aikatan jinya, suna iya gwajin jini da hoton ƙirji da taimakon gaggawa. Amma ba sa babbar tiyata, kuma duk abin da suka yi maka da dala za ka biya, ba ya cikin tikiti. Idan ciwo ya fi ƙarfinsu, a tasha ta gaba za su sauke ka, jirgi ya wuce. Tsakanin Hawayi da gaɓar Amurka kwana huɗu zuwa biyar ne babu ƙasa, kuma jirgi mai saukar ungulu ba ya kai wa tsakiya. Saboda haka inshorar tafiya dole ce, wadda ta ƙunshi jinya da ɗauko mara lafiya zuwa gida, kuma ka bayyana musu hawan jini da sugan tun farko. Wanda ya ɓoye, ranar da ya kwanta za su ƙi biya.

Magani ka ɗauki na dukan tafiyar da ƙarin na mako biyu, a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai sunan sinadarin maganin, a jakar hannu. In allurar insulin kake yi, ƙaramin firjin ɗaki ba kullum yake da isasshen sanyi ba; ka nemi asibitin jirgi su ajiye maka. Ka sa likitanka ya rubuta abin da za ka yi da maganin suga ranar da amai ko gudawa suka hana ka ci, domin a nan haɗarin yake. Cutar amai da gudawa ta norobairus tana saurin yaɗuwa inda mutum dubu biyu ke taɓa cokalin zuba abinci ɗaya, kuma man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa. Duniya ta ga yadda cuta ke yi a rufaffen wuri a Fabrairun 2020, lokacin da aka killace jirgin Diamond Princess a Yokohama ta ƙasar Japan, mutum fiye da 700 suka kamu da korona.

Jiri da tashin zuciya kuwa ba a sanin wanda za su kama sai an shiga. Manyan jirage suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗin gefe da gefe, amma ba sa hana goshin jirgi hawa da sauka. Ɗakin da ya fi kwanciyar hankali shi ne na tsakiyar jirgi a hawa na ƙasa-ƙasa; na gaba can sama, duk da tsadarsa, shi ya fi jijjiga. A samu mai taga, domin kallon inda ruwa ya haɗu da sama yana daidaita kai. Citta tana taimakawa, haka ƙwayoyi irin su Stugeron, sai dai suna sa barci. Filastar da ake manna wa a bayan kunne tana aiki kwana uku, amma mai hawan jinin ido ko kumburin mafitsara na maza kada ya taɓa ta sai da izinin likita.

Kuɗin da aka rubuta a talla ba shi ne kuɗin tafiya ba. Ɗaki mafi araha, marar taga, kimanin mita murabba'i 15, yakan fara daga wajen dala 15,000 zuwa 20,000 ga kowane mutum a kamfanoni masu sauƙi, a wasu kuma ya haura 50,000. A kan wannan akwai tukwicin ma'aikata da ake cirewa kullum, dala 16 zuwa 20 ga mutum: ku biyu a kwana 110, a mafi ƙaranci, dala 3,520 ke nan, sai in an ce yana cikin tikiti. Yawon gari a kowace tasha, in muka ƙaddara dala 80 ga mutum a tashoshi 40, ya kama dala 6,400 ku biyu. Sai intanet, wanki, tikitin jirgin sama zuwa tashar farko, inshora da kuɗin biza. A jirgi ba a ciniki da tsabar kuɗi, kati ake ɗaurawa a asusun ɗaki, don haka ku tanadi katin asusun dala. Kuma a biya sanannen kamfani mai jirgi a hannu. A Nuwambar 2023 an soke wata tafiyar shekara uku ta Life at Sea saboda kamfanin bai samu jirgi ba, bayan wasu fasinjoji sun riga sun sayar da gidajensu.

Ku san kuma cewa tsayawa a tasha leƙe ne. Awa takwas zuwa goma ake ba ku, kuma tashar Rum tana da nisan kilomita 80 daga birnin, ta Bankok kusan awa biyu a mota. Wanda ya fita da kansa ya makara, jirgi ba ya jira. Kyaftin na da ikon tsallake tasha saboda iska ko tsaro. A 2024 jirage da yawa sun fasa bi ta Bahar Maliya da mashigin Suwez saboda hare-haren 'yan Huti na Yemen, suka zagaya ta ƙasan Afirka.

Batun ibada yana buƙatar shiri, amma ba ya gagara. Alƙibla tana juyawa da juyawar jirgi. Talabijin ɗin ɗaki yana da tashar da ke nuna taswira da inda jirgi ya fuskanta, kuma ita ta fi kamfas ɗin waya, wanda ƙarfen jirgi ke ruɗawa. Lokutan salla kullum sabo ne, a bi rana ko manhajar da ke aiki da wurin da ake. Hukuncin ƙasaru da haɗa salla a tafiya mai tsawo haka, ku zauna da malaminku kafin ku tashi. Abin da mutane ke mantawa shi ne a 'yan shekarun nan Ramadan yana faɗowa a Janairu zuwa Maris, daidai tsakiyar tafiyar. Ke nan azumi da ƙaramar salla a teku za su same ku, ba tarawihi a masallacin unguwa, ba jikoki. Wannan kaɗai ya isa ya sauya wa wasu ra'ayi. Naman halal sai an nema a rubuce wata biyu zuwa uku kafin tashi, kuma ba kowane kamfani ke samarwa ba; kifi, ƙwai, wake da kayan lambu suna nan kullum, amma a riƙa tambaya ko an sa giya a miya. Giya da gidan caca suna cikin tsarin yawancin jirage, ba wanda zai tilasta muku, sai dai za ku riƙa wucewa ta gabansu.

A gaya wa Hajiya tun yanzu: kaskon turaren wuta, dutsen guga, butar lantarki da kyandir duk ana ƙwace su a ƙofar shiga, domin gobara ce abin da ma'aikatan jirgi suka fi tsoro. Butar roba kuwa ku ɗauka, banɗakin ba shi da abin tsarki. Yaji da kilishi kuwa kada a sauka da su a Ostareliya ko Niyu Zilan, tarar tana da nauyi.

Ga yadda zan jera muku gwajin. Na farko kwana uku zuwa bakwai, inda biza ɗaya ko biyu ta isa. Jirgin AROYA na Saudiyya, wanda ya fara aiki daga Jidda a Disambar 2024, ba ya sayar da giya, abincinsa halal ne, yana da wuraren salla. Kamfanin MSC kuma yana tashi daga Dorban da Kef Tawun a Afirka ta Kudu tsakanin Nuwamba da Afrilu. Idan wannan ya yi, sai na biyu: yanki guda na tafiyar zagaya duniya, domin ana sayar da ita gunduwa-gunduwa, kwana 14 zuwa 30. Ku zaɓi yankin da ke da aƙalla kwana huɗu a jere babu tasha. A rana ta huɗun nan ka auna jininka da suganka, ka dubi barcinka, ka tambayi Hajiya ko ɗakin ya fara yi mata ƙunci. In duk lafiya, sai yaran su biya kafin alƙalamin ta wata huɗu, irin wanda ake iya maidowa, kuma a fara neman biza daga wadda ta fi wahalar samu.