Wasiƙar Alhaji tana shigowa, ba ta fita

Yakubu, na saurari saƙon muryarka sau biyu, don hayaniyar gidan suna a nan Aboabo ba ta bar ni na ji da kyau ba a karon farko. Abin da na fahimta shi ne, Alhaji mai fiton kaya a Tema ya dawo da kwamfutar da muka zuba wa Ubuntu, wato nau'in Linux ɗin da muke sawa a madadin Windows. Imel yana shigo masa, amma in ya rubuta nasa ya tura ba ya fita, ya kuma rantse cewa Linux ɗin nan namu ne ya tsayar masa da aiki. Kai kuma kana tambaya: "Masta, in goge in sake zubawa, ko in mayar masa da Windows?"

Mayar da filashin nan aljihu. In ka goge, ka bar jaki kana dukan taiki. Windows kuma wanne? Na 11 ba zai hau tsohuwar kwamfutar nan ba, na 10 kuwa Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025. Dalilin da ya kai mu ga Ubuntu ke nan tun farko.

Kafin ka taɓa ko saiti ɗaya, rufe Thunderbird, manhajar da yake duba imel da ita, ka kwafe jakarsa zuwa faifan waje. A Ubuntu 24.04 da muka sa masa, tana cikin snap/thunderbird/common/.thunderbird. Ɗigon da ke gaban sunan yana nufin ɓoyayyiya ce, sai ka danna Ctrl da H za ta bayyana. Ba don tsoro nake cewa ka fara da wannan ba, don na taɓa ƙonewa ne. Ina kamar shekarunka, wata Hajiya mai atamfa a Makola ta kawo wa maigidana kwamfuta tana nauyi. Na goge, na zuba sabo, ina jin kaina gwani. Ashe akwatinta da POP aka haɗa shi, manhajar tana kwaso wasiƙu daga saba, wato kwamfutar da ke riƙe akwatin a intanet, ta share na can. Shekara uku na lissafi tsakaninta da masu aiko mata da kaya daga Lome, duk a faifan da na goge suke. Ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi "Allah ya sa haka ne mafi alheri," ta ɗauki kayanta, ba mu sake ganin ƙeyarta ba. Da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi. Yau yawanci IMAP ake haɗawa, wasiƙu suna zaune a saba, kwamfuta da waya leƙa su kawai suke yi. Amma ba ka san wanda Alhaji yake kai ba sai ka duba, kuma ko IMAP ne, akwai abin da mutum yake ja ya ajiye a jakunkunan cikin kwamfuta, wanda babu kwafinsa a ko'ina.

Yanzu ga aikin. Kai ba ka riski zamanin akwatin gidan waya sosai ba. Mutum yana da ɗan makullinsa, ya je ya buɗe akwati ya kwashi wasiƙunsa. In zai aika kuwa, wata taga daban zai je, ya sayi kan sarki, ya jefa a wani rami. Gini ɗaya, amma makullin akwati ba ya aika wasiƙa. Haka imel yake har gobe. Karɓa hanyarta daban, IMAP ta ƙofa 993 ko POP ta 995. Aikawa hanyarta daban, SMTP, ta ƙofa 587 ko 465. Kowace tana da sunan sabarta, da ƙofarta, da irin tsaronta, da yadda take tantance mai shigowa.

To, da Alhaji ya ce maka saƙo yana shigowa, ya riga ya yi maka rabin aikin bai sani ba. Intanet yana nan. Agogon kwamfutar daidai yake. Ba a rufe masa akwati ba. Thunderbird yana numfashi, Ubuntu ma haka. Ƙafa ɗaya ce take ɗingishi, ita za ka duba.

Na ambaci agogo, bari in ɗan tsaya. Kwamfutocin gwanjo da muke sarowa a Tip Toe Lane da yawansu ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu a ciki. Sai kwanan wata ya koma shekarun baya, kwamfuta ta ga takardar shaidar saba kamar lokacinta bai yi ba, ta ƙi yarda da ita. In haka ne, shiga da fita duka tsayawa suke, shi ya sa na cire shi daga zargi a nan. Amma ka saba buga timedatectl a baƙin allo, wato tagar rubuta umarni (Terminal), daƙiƙa biyu ne. Mu a Ghana ma mun yi sa'a, lokacinmu shi ne GMT. Masu haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya a Kano suna fama da agogo yana tsallake awa guda, don Windows lokacin gari yake rubutawa a agogon ciki, Linux kuma na duniya. A wurinmu duka biyun abu ɗaya ne.

Mu koma ƙafar da ke ciwo. Rubuta saƙo na kalma ɗaya, babu hoto babu takarda, ka aika wa adireshin Alhajin kansa. In kuskure ya fito, kada yatsanka ya riga idonka. Na sha ganinka kana rufe akwatin kuskure kamar mai korar ƙuda, alhali a cikinsa saba take gaya maka abin da ke damunta. Nemi lamba mai harufa uku. Wadda ta fara da 4 tana nufin a ɗan jira a sake gwadawa. Wadda ta fara da 5 ƙi ne, ko ka tura sau ɗari amsar ɗaya ce.

In ka ga 535, suna ko kalmar sirri ne ba su karɓu ba. A nan zuciyata ta fi karkata. Thunderbird yana ajiye kalmar sirri sau biyu, ɗaya ta karɓa ɗaya ta aikawa. Mutum zai canza kalmarsa, manhaja ta tambaye shi da safe lokacin da take duba akwati, ya sa sabuwa, wasiƙu su ci gaba da zuba. Ta aikawa kuma tana nan da tsohuwa. Shiga saiti, ɓangaren tsaro, wurin da aka rubuta Saved Passwords, share layin da ya fara da smtp kaɗai. Sake buɗe manhajar, ka tura, za ta tambaya. Juya kwamfutar ka miƙa wa Alhaji ya buga da hannunsa, kai ka kalli titi. Ba ma riƙe kalmar sirrin kowa a shagon nan, ko shi ya ce ka riƙe. Ka duba sunan shiga ma, yawancin masu ba da hayar saba cikakken adireshi suke so, har da abin da ke bayan alamar @.

Wannan na adireshin kamfaninsa ne. Na Gmail ɗinsa hukuncinsa daban. Tun ƙarshen Mayun 2022 Google ta daina karɓar kalmar sirri tsura daga manhajoji irin wannan. Sa hanyar tantancewa ta zama OAuth2, a shiga da fita duka, inda shafin Google zai buɗe mutum ya shiga da kansa ya ba da izini. Sabar fita smtp.gmail.com ce.

Tunda akwati biyu gare shi, ga wani tarko da yake kama har waɗanda suka daɗe a aikin. A saitin akwatuna, can ƙarshen jerin da ke hagu, akwai wurin sabobin aikawa, kuma ɗaya daga ciki ita ce zaɓin farko. Kowane akwati yana da layin da yake nuna wadda zai bi. In adireshin kamfani yana bi ta sabar Gmail, saƙon zai iya fita amma ya isa da adireshin Gmail a goshinsa. In kuma na Gmail ne yake bi ta sabar kamfani, tana iya cewa ba ta san mai wannan suna ba, ta jefo maka 550 ko 553. Kowa ya hau motar garinsu. Ni na haɗa masa akwatin farko, na biyun ban san wanda ya ƙara ba, saboda haka ka duba da kyau.

In saƙo mai kalma ɗaya ya fita lafiya, to nauyi ne. Ka san aikin Alhaji, takardun jirgi da na kwastan, yaronsa yana ɗaukar kowane shafi da waya ya lafta su duka a saƙo ɗaya. Gmail megabait 25 yake ɗauka wajen aikawa. Wata sabar ba ta kai haka ba, Postfix, manhajar da sabobi ke aika imel da ita, in ba a taɓa saitinsa ba wajen 10 yake tsayawa. Kuma duk abin da aka liƙa wa imel yana kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku a hanya, don sai an juya shi zuwa haruffa kafin ya bi layi. Takardar megabait 8 sai ta haura 10. Lambar da aka saba gani a nan 552 ce. Maganinta a rage girman hotunan ko a raba su gida biyu.

Saura in babu lamba sam, abu yana ta juyi har ya gaji ya ce lokaci ya ƙare. Ba a ƙi ka ba ke nan, ba ka ma isa bakin ƙofar ba. Duba ko wani ya sa 25. Wannan ƙofar tsakanin saba da saba ce, kuma masu ba da intanet da yawa sun toshe ta saboda masu watsa saƙonnin banza. Sa 587 tare da tsaron STARTTLS, ko 465 tare da SSL/TLS. Kada ka gauraya su, kowace da rigarta. Don ka tabbatar, buga nc -v da sunan sabar da 587 a baƙin allo. In layi ya fito yana farawa da 220, saba ta amsa sallama. In shiru, haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarka ka sake. Ya yi a wayarka bai yi a na shago ba, ka san inda aka toshe.

Akwai kuma wanda ba namu ba ne, amma mu za a ɗora wa. Saƙo ya bar kwamfuta, yana cikin jakar waɗanda aka aika, amma mutumin can bai gani ba, ko ya tsince shi a shara, ko wata wasiƙa ta dawo cewa an ƙi karɓa. Tambayi Alhaji da kyau, don a bakin mai kaya "ba ya fita" da "ba ya isa" duk ɗaya ne. Tun Fabrairun 2024 Google da Yahoo sun tsaurara, suna so mai aikawa ya kasance yana da SPF ko DKIM. Na farko jeri ne da mai adireshi yake wallafawa na sabobin da ya yarda su aika da sunansa. Na biyu hatimi ne da saba take buga wa kowane saƙo. Buga dig TXT da sunan da ke bayan @ ɗinsa, ka ga ko akwai layi mai farawa da v=spf1. In babu, masu riƙe masa sabar ne za su gyara, ko ka goge kwamfutar nan sau goma ba abin da zai canza. Zai yi fushi da mu duk da haka, zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Ka rubuta masa abin da zai gaya musu, ko ka kira su a gabansa.

Na ji kuma abin da ka maƙala a ƙarshen saƙonka, wai me zai hana mu kafa tamu sabar a shago mu huta. Don koyo, bismilla. Ɗauki tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin benci, zuba mata Linux na Debian, sa Postfix na aikawa da Dovecot na karɓa. Postfix ɗin nan Wietse Venema ne ya fitar da shi a 1998, har yau shi ne jakin wuya a sabobi masu yawa. Buɗe /var/log/mail.log, ko journalctl in ba ka same shi ba, ka aika saƙo kana kallon yadda kowane mataki yake rubuta kansa. Mako ɗaya a gaban wannan ya fi wata uku kana jin bakina. Amma wasiƙun mutane ba za su kwana a shagonmu na Nima ba. Lambar intanet ɗinmu canzawa take, ba mu da iko a kan sunan da take amsawa in an bi ta baya, manyan sabobi kuwa suna duba wannan kafin su karɓa. Ga dumso, ɗauke wutar nan tamu. Gaskiya ne sabar da ta aiko ba ta jefar da saƙo nan take, Postfix kwana biyar yake yi yana sake gwadawa. Sai dai mai kwantena a Tema, da kuɗin ajiya yake hawa kansa kullum, ba zai jira mu a kawo wuta ba.

In ka samo shi, kada ka karɓi ko sidi ɗaya, mu muka zuba masa, gyaran yana cikin kuɗin farko. Rubuta sunan saba da ƙofa da irin tsaro a takarda ka ba shi, ban da kalmar sirri. In kuma ka bi duk wannan bai fita ba, ɗauki hoton akwatin kuskuren gaba ɗaya ka turo mini, kada ka karanto mini da baki, gani ya kori ji. Ina shigowa motar safe ranar Alhamis in Allah ya yarda. Ka gaishe da Alhaji, ka ce masa kwamfutar ta kwana ɗaya a wurinmu.