Filin Tambayoyin Masu Karatu: Cunkoso a Gangaren Sauke Jirgi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai sha'awar kamun kifi da ƙugiya ne, ina da ƙaramin jirgi mai inji da nake ja a kan tirela. Abin da ke damuna shi ne, nakan yi sammako in isa bakin ruwa, sai in tarar wani ya tare gangaren da ake sauke jirage, yana kwance igiyoyi, yana jidar kaya daga mota, alhali motoci na jere a bayansa. Kafin layi ya zo kaina, lokacin da kifi ya fi cin ƙugiya ya wuce. Shin akwai ƙa'ida a wannan sha'ani, kuma ya dace in yi wa irin wannan mutumin magana?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ƙorafinka yana bisa hanya, domin gangaren nan mashiga ce ta kowa, kuma duk aikin da za a iya yi a wani wuri bai kamata a kawo shi kansa ba. Shi ya sa a wurare da yawa ake keɓe fili a gefe, inda mai jirgi zai tsaya ya loda kayan kamun kifi da rigunan kariya, ya kwance igiyoyin da suka ɗaure bayan jirgi da tirela, ya duba mai da batir, sannan ya toshe ramin zubar da ruwa da ke ƙasan jirgin. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, kuma wanda ya manta ba ya farga sai ya ji ruwa a tafin ƙafarsa, daga nan dole ya sake janyo jirgin, layi ya tsaya cak. Abin da ake bari a ɗaure shi ne ƙugiyar gaba da sarƙarta, saboda an saba gina gangaren da gangara ta kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, jirgin da aka sake shi tun daga sama kuwa yana iya zamewa ya daki siminti.

Sai dai ina roƙonka ka bambanta mutum biyu. Akwai wanda bai damu da na bayansa ba, akwai kuma sabon shiga da tirela ke yi wa gardama, ya juya sitiyari nan, ita ta nufi can, zufa na karyo masa saboda idon jama'a. Tsawa ba ta ƙara wa na biyun komai sai ruɗewa, kuma sauri kan haifi nawa. Ka matsa kusa, ka yi sallama, ka tambaye shi ko yana son a duba masa baya. Idan ya amince, ka nuna masa ya riƙe sitiyarin daga ƙasa, duk ɓangaren da hannunsa ya nufa can tirelar za ta bi, kuma ya riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan yana kallon madubi. Shi kuwa na farkon, a yi masa magana sau ɗaya cikin mutunci, idan ya ƙi ji a bar wa jami'an wurin, domin cacar baki a kan simintin da gansakuka ta sa ya yi santsi hatsari ce ga kowa.

Tun da kai mai sammako ne, ka lura da fitilunka. Wanda ya bar manyan fitilu a kunne yayin da motarsa ke kan gangare yana kashe wa mai ja da baya a layin kusa ido, don haka a bar ƙananan kawai. Da jirgi ya hau ruwa, a ɗaure shi can ƙarshen dandamalin da ake ɗaure jirage a bakin ruwa, a tafi ajiye mota nan take. Wajen dawowa kuma, motar da ta shiga layi da tirelarta ita ke da wuri, ko da jirgin wani ya riga isowa bakin ruwa.

Tambaya: Na ga wasu suna hawa tirela da ƙarfin inji maimakon su ja jirgin da igiya. Tun da hakan ya fi sauri, me ya sa ake hanawa?

Amsa: Saurin na mutum ɗaya ne, ɓarnar kuwa ta kowa ce. Idan aka ba inji wuta a ruwa marar zurfi, farfela takan kwashe yashin da ke ƙarshen simintin, ta haƙa rami, ta tara tudu a bayansa. Ran da ruwa ya janye, tayar tirelar wani ta faɗa ramin ta maƙale, ko ƙasan injinsa ya ci karo da tudun. Saboda haka ne wasu hukumomi suka haramta shi. A shigo a hankali, a ƙarasa da na'urar jan igiya, a ɗaga inji sama, sannan a fice zuwa fili kafin a fara ɗaure-ɗaure.

A filin ne kuma ya kamata a cire ciyawar da ta maƙale a tirela, a buɗe ramin nan ruwa ya tsiyaye. Wani ɗan kifin kwanso mai zane irin na jakin dawa, wanda a Arewacin Amurka aka fara gano shi a tafkin Sen Kilair da ke tsakanin Amurka da Kanada a 1988, ya bazu zuwa tafkuna masu yawa a jikin jirage da tireloli, kuma 'ya'yansa, waɗanda ido ba ya gani, suna rayuwa a ɗan ruwan da ya kwanta a cikin jirgi. Wanda zai sauya tafki, ya wanke jirginsa, ya bar shi ya bushe sarai na 'yan kwanaki kafin ya sake sa shi a ruwa.