Wanke bututun kazanta da injin feshi zai hana kankaren ruɓewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni nake kula da layin ruwan bahaya a wani rukunin gidaje a Abuja. Kwanaki mun ɗaga murfin manhol sai muka tarar saman bututun kankaren daga ciki ya yi laushi fari fat, kana sa yatsa yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen alli, amma ƙasan da ruwa ke gudu lafiyarsa ƙalau. Wani ya ce mu kira masu injin feshi su wanke shi tas shikenan. Hakan zai yi kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Wankin zai taimaka, amma batun "shikenan" ɗin nan cire shi a ranka, don abin da ke cin kankaren nan mai rai ne kuma dawowa yake.

Ka lura da kyau da ka ce ƙasan lafiya lau saman ne ya lalace, ai nan zancen yake. A ƙarƙashin ruwan akwai wani yauƙi da ke manne da bututu inda iska ba ta kaiwa, bakteriyar da ke ciki suna juya sinadarin salfet ya koma gas ɗin haidirojin salfaid, shi ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ɗin nan. Gas ɗin sai ya tashi ya narke a cikin gumin da ke saman bututun, to a can kuma wasu bakteriyar daban ne ke jiransa, su ci shi su fitar da asid irin na ruwan batirin mota. Tun 1945 wani masani mai suna Parker ya gano su a bututun birnin Melbon na Ostireliya, har ya raɗa musu suna da Latin mai ma'anar maciya kankare. Sabon kankare pH ɗinsa (wato ma'aunin asid, yana sauka asid na ƙaruwa) wajen 12 zuwa 13 ne, ba za su iya zama a kai ba, sai iska da gas ɗin sun sauko da shi wajen 9 tukuna bakteriya 'yan share fage su sauka, in ya kai wajen 4 manyan su karɓi wurin, daga nan sai ka ga ya faɗo 2 ko 1. Farin abin da ka taɓa kuma jifsam ne, dangin abin da ake silin ɗin POP da shi, simintin ne asid ya mayar haka. Zafi yana ƙara musu kuzari, ka ga kenan mu nan ba mu da sa'a. Irin wannan ne ma ke cin silab ɗin sokawe ta ƙasa, daga sama kana ganinsa garau har ranar da zai rufta.

To me wankin yake yi? Yana cire laushin nan da bakteriyar da asid ɗin gaba ɗaya, pH ya ɗan hau, shan gas ɗin ya ragu. Masu bincike a Jami'ar Kwinsiland ta Ostireliya sun gwada wannan, sakamakon ya fito a 2016, cikin kwana 60 zuwa 140 aikin bakteriyar ya koma yadda yake kafin wanki, sannan bayan wata 54 da suka auna kankaren da aka wanke da wanda ba a wanke ba, asarar kusan ɗaya ce. Ni abin bai ba ni mamaki ba wallahi, gas ɗin yana nan, gumin yana nan, ragowar bakteriyar da suka maƙale a ramukan kankaren suna nan, kamar ka share tururuwa ne ka bar sukarin a ƙasa. In wanki kaɗai za ka dogara da shi sai dai duk bayan wata biyu ko uku, kuɗin kuma ba wasa ba, ga shi injin in ya yi ƙarfi da yawa yana tafiya da tsakuwar da ta rage ya bar maka rodi a waje.

Inda wankin yake da amfani na gaske shi ne a matsayin share fage. A wanke har a kai ga kankare mai ƙwari, a sa takardar gwajin pH a tabbatar an wuce wurin asid, sannan a shafa wani abu a kai ba tare da an bar shi ya kwana biyu ba. Akwai filastar siminti mai kalsiyam aluminet da ke jure asid fiye da simintin da muka saba, akwai ifoksi, wani shafi mai kama da fenti da ke daskarewa ya yi tauri, amma shi in wurin da danshi ko ba a wanke sosai ba ɓarewa yake kamar bawon rogo. A Los Anjeles ta Amurka sun daɗe suna fesa kunun maganiziyam haidiroksaid a saman bututu, sinadarin da ke cikin farin maganin ƙwannafin nan, shi ma sai ana sabuntawa. In rodi ya riga ya fito ya yi tsatsa to maganar shafe ta wuce, sai dai a zura wani bututun roba a ciki ko a canza shi.

Ka kuma duba daga ina gas ɗin yake yawa. Galibi inda ruwa ke kwanciya ne saboda gangaren bai isa ba, ko laka ta taru, ko inda famfo ke turo ruwan da ya daɗe a tsaye ya zubo da ƙarfi cikin manhol. Kwashe lakar ƙasan nan da buɗe hanyar iska sau da yawa sun fi wankin saman tasiri, kuma sun fi araha.

Sai dai don Allah kar ka bar yaranka su shiga ramin nan haka kawai, musamman lokacin da ake feshin don motsa lakar yana sako gas ɗin a lokaci guda. In ya kai wajen kashi 100 cikin miliyan hanci yana daina jin warin, mutum ya ɗauka ya wuce, in ya haura 700 kuma faɗuwa ake nan take. A sa na'urar auna gas da fanka mai hura iska, a ɗaura wa mai shiga igiya, mutum biyu su tsaya a sama.