Idonsa lafiya lau, amma ba ya gane fuskar 'ya'yansa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Kin ce tun da hawan jini ya kayar da shi ba ya gane ku sai kun yi magana, alhali yana karatun Alƙur'ani da idonsa, yana ƙirga kuɗi, har wasu a gida sun fara cewa sammu ne, wasu kuma na cewa da gangan yake yi. Tambayarki ta taɓa ni ƙwarai, don irin wannan jinyar na yi wa mahaifina a Agege, shekara huɗu, har Allah Ya karɓi abinSa.

Mahaifina dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 da ke Legas. In ka sayi buhu ɗaya a hannunsa bara, bana yana hango ka daga bakin titi zai kira sunanka. Bayan an sallamo shi daga asibiti, hannu ya fara motsi, baki ya miƙe, muna ta hamdala. Wata safiya na shigo masa da ruwan alwala ban yi magana ba, ya ƙura mini ido ya ce, "Bawan Allah, wa kake nema?" Na ce, "Baba, ni ne." Ban rufe baki ba ya kira sunana, sai hawaye. Ranar ban iya cin abinci ba.

Mun yi masa tabarau, ba abin da ya sauya. Sai da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ya sa aka yi hoton ƙwaƙwalwa na MRI, ya nuna mana tabon a can ƙasa, ta baya, ɓangaren dama. Ido dai ɗauko hoto ne aikinsa, ƙwaƙwalwa ce ke cewa wannan wane ne. Kuma fuska tana da nata wurin daban da na haruffa ko kuɗi, wani lungu da ake kira fusifom, wanda Nancy Kanwisher da abokan aikinta a Amurka suka nuna aikinsa a 1997. Ga mai lafiya, kafin daƙiƙa ɗaya ta cika aikin ya gama, shi ya sa ba mu san ma aiki ba ne. In jini ya yanke wa wurin, sai a samu abin da Baba ya taɓa faɗa mini: "Ina ganin ido, ina ganin hanci, ina ganin baki, amma sun ƙi haɗuwa su zama mutum." Ciwon sananne ne, makantar fuska. Wani likita Bajamushe, Joachim Bodamer, shi ya raɗa masa suna furosofagnosiya tun 1947. Akwai ma waɗanda haka suka taso ba tare da wani ciwo ba, kusan mutum 2 cikin 100, ana ta zarginsu da girman kai don sun wuce ba gaisuwa.

Abin da nake so ki riƙe, Hajiya, Baba bai manta da ku ba. Sunanki, ranar aurenki, halinki, duk suna nan. Ƙofar fuska ce ta rufe, ta murya a buɗe take. Wani abu ma ya fi ba ni mamaki. Ƙanwata ta shigo wata rana ranta a ɓace, ta zauna shiru. Baba bai san ko wace ce ba, amma ya ce, "Yarinya, wa ya taɓa ki?" Gane mutum da karanta abin da ke fuskarsa ba hanya ɗaya suke bi gaba ɗaya ba. Fushi, tsoro da damuwa suna da wasu sassan, ciki har da amigdala, ɗan ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa a can cikin ƙwaƙwalwa. Ba kowane mai wannan ciwon ke tsira da wannan ba, amma da yawa suna tsira. Har ila yau, a 1985 Daniel Tranel da Antonio Damasio sun nuna wa irin waɗannan majinyata hotuna, suka ce ba su san kowa ba, amma na'urar da ke auna gumin fata ta fi motsawa idan fuskar wanda suka sani ce. Don haka ku kula da fuskar da kuke shiga ɗakinsa da ita. Ɗaure fuskar da kuke yi don bai gane ku ba, yana iya ganinta, kuma tana yi masa ciwo.

Ina roƙonki ki hana 'yan dubiya tambayar nan ta "Baba, wane ne ni?" Na ga yadda take karya dattijo a gaban jikokinsa. Kowa ya haɗa sallama da sunansa, kullum, ko sau goma ya shiga. Mu mun bar wa kowa alamarsa: ni hula iri ɗaya nake sawa, Inna ba ta sauya turare ba, yayana kuwa tafiyarsa kaɗai ta isa. Ranar da na aske gemu ban faɗa masa ba, sai da ya tsorata.

Sai maganar tsaro, tunda Legas muke. Wani ya taɓa tare mahaifina bayan sallar Juma'a ya ce shi ɗan amininsa ne daga gida, ya karɓi kuɗin mota ya tafi. Kunya ta hana shi cewa bai gane shi ba. Daga ranar ba ya fita sai da yaro a gefensa yana raɗa masa sunan mai zuwa. Ciwon kan zo tare da ɓatan hanya, to kada a bar shi shi kaɗai a cunkoso irin na Oshodi.

Addu'a kam a ci gaba, amma maganin hawan jini kada ya yanke ko na kwana ɗaya, don faɗuwa ta biyu ake gudu. Ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa, akwai su a asibitocin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH a Ikeja. Kafin ku je, ki lura da abu biyu ki faɗa wa likita: ko yana karo da ƙofa ta hagu ko barin abinci a gefen hagu na kwano, sannan ko yana manta abin da aka yi ɗazu ko ya rikice a raka'o'in salla. In akwai mantuwar, to ba makantar fuska kaɗai ba ce, gwajin da za a yi masa daban ne.